Gwaggo Mai Awo da Radar Kan Tsauni

Ranar da aka miƙa wa Gwaggo Mai Awo takardar tuhuma, takalminta jiƙe yake sharkaf, don daga wurin ma'aunin ruwan sama ta fito. Sakataren tashar ne ya kawo, ya ajiye a gefen rajista, ya fice da sauri ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ta goge hannu da gefen mayafi, ta sa tabarau, ta karanta. Layi biyar ne kacal. Wai an lura alƙaluman ruwan saman da take rubutawa ba sa dacewa da na sabuwar na'urar rada. Wai ana zargin ba ta fita duba ma'auni, a zaune take ƙirƙiro lambobi. Wai ta yi bayani a rubuce. Ga sa hannun Darakta a ƙasa, ga hatimi.

Kai jama'a! Gwaggo ce ba ta fita? Matar da gwiwoyinta suka ƙare a kan matakalar filin awo? Da an ce ta cika faɗa, da kowa ya yarda. Da an ce ba ta iya gaisuwar neman shiga ba, gaskiya ne, ba ta iya ba. Amma a rasa abin da za a shafa mata sai ƙarya, bayan shekara ashirin da tara, saura wata goma ta ajiye aiki!

Tashar nazarin yanayi ce a can ƙolin tsauni, inda motar ma'aikata ke shan kwanar hanya sau goma sha tara kafin ta isa ƙofa, kunnen mutum ya toshe ya buɗe sau biyu a hanya. Ɗakuna huɗu ne: ofishin Darakta, ofishin masu awo, ɗakin gwajin ƙasa, da sito. A waje akwai fili mai shingen waya, cikinsa farin akwati mai ma'aunin zafi, da sandar da ke nuna inda iska ta dosa, da ma'aunin ruwan sama, wato wani gwangwanin tagulla mai mazurari a baki. Gwaggo ta zo wurin tana da shekara ashirin da biyar a matsayin mai buga takardu. Wani dattijo da ake kira Tsoho Mai Lema, wanda shi ne mai awo a lokacin, ya ga yadda take mayar wa shugabanni takardunsu idan ta ga lamba ba daidai ba, sai ya ce wannan ba ta keken rubutu ba ce, a ba shi ita.

Shi ya koya mata juye ruwan gwangwani cikin kwalbar awo ba tare da ɗigo ya zuba ba, da durƙusawa har idonta ya yi daidai da bakin ruwan kafin ta karanta. Ƙarfe tara na safe da ƙarfe uku na rana, ko ana tsawa ko ana ƙanƙara. Wata shekara dutse ya gangaro ya tare hanya, aka yi kwana huɗu babu wanda ya iya hawa. Da aka koma, shugaban wancan lokacin ya ce ta raba ruwan da ya taru gida huɗu ta cike gurabun, kada rajista ta yi muni. Ta ja layi a kwanakin nan ta rubuta "ba a auna ba". Ya yi faɗa har ya gaji, ta ce ranka ya daɗe, ni dai ban auna ba. Wannan ce matar da aka ce tana ƙirƙiro lamba.

Ita kuwa radar, bara aka kawo ta. Wani farin ƙwallo ne ƙato a kan hasumiyar ƙarfe bayan sito, wani faifai yana juyi a cikinsa dare da rana, yana aika wa gajimare wani abu da ido ba ya gani, gajimaren ya mayar masa da amsa, kwamfuta ta juya amsar ta zama taswira mai launi, ta ce ruwa kaza ya sauka a wuri kaza. Tare da ita aka turo Injiniya, saurayi mai ladabi, sa'an 'yan biyun da Gwaggo ta haifa. Shi ke karɓar mata jaka idan sun sauko daga mota, ita kuma tana kiransa ɗana. Ba ta da wata gaba da na'urar. Ranar buɗe ta har tafi ta yi.

Rigimar ta fara ne da damina. Idan yayyafi ake yi, rada da gwangwani bakinsu ɗaya. Amma idan hadarin bayan azahar ya taso, irin wanda ke haɗuwa a kan tsaunin cikin rabin sa'a ya zubar ya wuce, sai rada ta ce milimita arba'in, Gwaggo ta durƙusa ta karanta ashirin da biyu. Rada ta ce talatin, gwangwani ya ce sha bakwai. Aka yi haka damina guda, aka shiga ta biyu. Hedikwata ta tambayi Darakta wanne za a ɗauka. Shi kuwa Darakta ya dubi hasumiyar da aka zo da jiragen ruwa da manyan motoci aka kafa, ya dubi tsohuwa mai ciwon gwiwa da gwangwaninta, ya ga wanda ya fi sauƙin tuhuma.

Amsarta a rubuce layi ɗaya ce: "Abin da ya sauka shi na rubuta." Ta kai da hannunta.

"Malama, wannan ai ba bayani ba ne," in ji Darakta, yana kaɗa biro.

"Shi ke nan abin da na sani, ranka ya daɗe."

"To bari ki ji. Takardar nan za ta zauna a fayil ɗinki. In har kika ajiye aiki ba a warware ba, hedikwata za ta buga wa rajistocinki hatimin ba a dogara da su ba. Duka, daga ta farko."

Duka. Rajista ashirin da tara masu baƙin bango da ke jere a sito, waɗanda take sa wa maganin asu da kanta. Ta fito daga ofishin ranta a dagule, ta rasa wanda za ta zaga, sai ta zagi ƙofar da ta maƙale.

A gida mijinta, tsohon direban babbar mota da ya ajiye tuƙi saboda ido, yana zaune a tsakar gida yana gyaran rediyon da ba ta taɓa gyaruwa ba. Ya saurare ta har ta kai aya, sannan ya ce, "Uwar biyu, wata goma fa ya rage. Ki riƙa ƙara musu kaɗan mana, ya zo kusa da na na'urar. Wa zai sani?"

"Ni zan sani!"

"To ai ke kaɗai ce."

"Malam, in ba ka da abin faɗa ka ci gaba da kashe rediyonka. Shekara nawa kana tuƙi, an taɓa ce maka ka ce ka kai kaya inda ba ka kai ba?"

"An taɓa," ya ce, "kuma na faɗa, ga ni nan da raina."

Ta yi tsaki ta shige ɗaki. Ba mugun mutum ba ne, tsoro yake ji mata, ta kuma san haka, shi ya sa abin ya fi ƙona ta.

Kwana biyu bayan haka hadari ya same ta a tsakiyar filin awo. Ɗigon farko ya sauka a bayan hannunta, tas, har sai da ta ji zafi. Na biyu ya faɗi can nesa. Ta tsaya tana kallon simintin da ke gaban farin akwati: tabo manya-manya, jefi-jefi, tsakaninsu busasshe. Sai ta tuna maganar da Injiniya ya yi ranar buɗe na'urar, lokacin manyan baƙi suna duba agogo, ita kuma tana tsaye a baya tana saurare. Ya ce rada ba ruwa take aunawa ba, amsar ɗigo take ji. Ɗigon da ya ninka wani faɗi sau biyu, ruwan cikinsa ninki takwas ne, amma amsar da yake mayarwa ninki sittin da huɗu ce. Ashe in ɗigon manya ne kuma ba su da yawa, na'urar za ta ji hayaniya mai yawa ta zaci ruwa ne mai yawa. Gwaggo ta tsaya a cikin ruwan nan tana jiƙewa, ta ce a fili, "Yauwa, munafuka, na kama ki."

Ta sami Injiniya ta gaya masa. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi, ya ce lissafin da ke cikin kwamfutar masana ne suka yi shi, an gwada shi a wurare da dama.

"A kan tsauni aka gwada, ko a kwari?"

"Gwaggo, ruwa ai ruwa ne."

"Ba ka taɓa tsayawa a cikinsa ba, shi ya sa."

Ya ce ko da maganarta gaskiya ce, sai an auna girman ɗigon, na'urar yin haka kuwa tashar ba ta da ita, ba ta ma cikin abin da aka nema. Ya zaci ya rufe zancen ke nan.

Bai san Tsoho Mai Lema ya taɓa nuna mata wata dabara ba, tun tana budurwar aiki, dabarar da aka daina tun kafin a haifi Injiniyan. Washegari ta hau motar ma'aikata da buhun fulawa ƙarami, da rariyar kicin ɗinta, da faranti uku masu murfi. Takan tankaɗe garin cikin faranti har ya kai kaurin yatsa biyu, ba a danna shi, ba a girgiza shi. Hadari na saukowa sai ta fita da farantin a rufe, ta miƙa hannu nesa da jikinta, ta ɗaga murfi, ta ƙirga ɗaya, biyu, uku, ta rufe. Kowane ɗigo da ya faɗa ciki sai ya dunƙule garin ya zama guda daidai girmansa. Ta bar shi ya kwana, ta gasa a tanderun busar da ƙasa har gudajin su yi tauri, ta zuba su a rariyoyin ɗakin gwaji masu ido daban-daban, manya su tsaya a sama, ƙanana su gangara. Ta ƙirga na kowace rariya, ta ɗora a sikeli, ta zuba a kwalba, ta liƙa takarda mai kwanan wata da lokaci.

Dariyar da aka yi mata ba ta faɗuwa. Mai gadi ya ce Gwaggo ta buɗe gidan burodi. Direban motar ma'aikata kullum sai ya tambaya yaushe za a fara ɗanɗano. Darakta ya leƙo ɗakin gwaji ya gan ta fari fat har gira, ya ce wa sakatare a gabanta, "Mun kawo na'urar zamani, ita tana mana tuya." Mata biyu na ofis suka kwashe da dariya, alhali ita ta koya musu riƙe kwalbar awo. Gwaggo ta yi kunnen uwar shegu da su, amma ta ji zafin abin, ta ji shi sosai. Sau biyu iska ta kifar mata da faranti a fuska. Sau ɗaya ɓera ya shiga sito ya cinye mata awon mako guda, ta zauna a kan buhu ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa, sannan ta tashi ta rubuta a littafinta cewa ɓera ya ci.

Wata uku tana wannan. Gwiwarta ta kumbura, 'yarta ma'aikaciyar jinya ta zo ta ɗaure mata tana mita, wai Mama a kan gari za ki nakasa kanki. Mijin da ya ce ta ƙara lamba shi ya koma yana tankaɗe mata gari da asuba kafin motar ta zo, yana cewa shi dai ba da yardarsa ba.

Da damina ta ja baya, ta jera kwalabe sittin da ɗaya a kan teburin Injiniya ba tare da ta nemi izini ba. Na ranakun yayyafi cike suke da gudaji ƙanana kamar yashi. Na hadarin bayan azahar kuwa 'yan kaɗan ne a gindin kwalba, amma wasu sun kai ƙwayar wake. Ta ajiye littafin ƙirgarta a kai.

Injiniya ya ɗauki kwalba ɗaya ya ɗaga ta wajen taga. Murmushin nan ya tafi. Ya jawo littafin, ya buɗe kwamfuta, ya manta tana tsaye. Kwana tara bai fito cin abincin rana ba. A rana ta goma ya kira ta, ya nuna mata layuka biyu a fuskar kwamfuta, ja da shuɗi, sun hau kan juna. Ya sauya lissafin da lambobinta, ya sake bin daminar bana da ta bara da sabon lissafin, sai ga rada ta sauko ta zo daidai da gwangwani, rana bayan rana.

"Gwaggo," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ke ce da gaskiya."

Ranar ta sauko daga tsauni tana raha da direba, har ta ce masa burodin ya nuna. Ta ɗauka an gama.

Bayan mako uku Darakta ya aika a kira ta. Injiniya na zaune a gefe da wayarsa a hannu. Darakta ya tarbe ta da fara'a, ya sa aka kawo mata kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce albishirinki, za a rufe maganar nan, rajistocinki sun tsira. Ya turo mata takarda, ya ce sa hannu kawai za ta yi a ƙasa.

Ta sa tabarau. Takardar ta ce bayan gargaɗin da aka yi wa ma'aikaciyar, an ga gagarumin ci gaba a aikinta, alƙalumanta yanzu suna dacewa da na rada. Ta ce ma'aikaciyar ta karɓi gyara, hukuma ta yaba mata, ta kuma yafe abin da ya wuce.

Ta karanta sau biyu. Wallahi da mari aka yi mata da ya fi sauƙi.

"Ranka ya daɗe, wa ya karɓi gyara?"

"Malama, salon rubutun ofis ne kawai. Abin da ake so shi ne lambobi su dace, kuma sun dace."

"Sun dace don ita ta sauko inda nake. Ni ban motsa ba. Ashirin da biyun da na rubuta bara tana nan ashirin da biyu, a ɗauko rajista a duba in an kankare wani abu."

"Ba wanda ya ce an kankare."

"To me aka yafe mini?"

Darakta ya sha mur. Ya ce rahoton da aka aika hedikwata ya riga ya ce an yi wa na'urar ɗan daidaitawa na yau da kullum, ba zai yiwu yanzu a koma a ce ta yi damina biyu tana ba da lambobin da ba daidai ba, alhali shi da Injiniya suka sa hannu cewa lafiyarta ƙalau ranar da aka karɓe ta. Ya ce ta duba girman abin, ta duba shekarunta, ta sa hannu kowa ya huta.

Sai ta juya ga saurayin nan da ke karɓar mata jaka. "Ɗana, kai ka yi lissafin. Buɗe baki ka gaya masa. Wa aka gyara, ni ko ita?"

Injiniya ya sosa ƙeya. Ya dubi Darakta, ya dubi wayarsa. "Gwaggo, abin ai a haɗe yake. In aka duba, kowane ɓangare ya ba da tasa gudummawar."

Kowane ɓangare! Yaron da ya ce mata ke ce da gaskiya, da bakinsa, mako uku da suka wuce!  Gwaggo ba ta yi ihu ba, ita da kowa ya san ta da ihu. Ta cire tabarau, ta ninke, ta tura takardar ta koma gaban Darakta.

"In ba ki sa hannu ba, tuhumar na nan, hatimin kuma zai hau rajistocin," ya ce. "Ki yi tunani."

"Na yi. Tuhumar can ku kuka rubuta, ku za ku ɗauki alhakinta. Wannan kuwa in na sa hannu, ni na rubuta, kuma ita ce ƙarya ta farko da za ta shiga fayil ɗina da hannuna. A buga hatimin."

Aka kuwa buga. Ta ajiye aiki a watan da aka tsara, aka yi mata ɗan taron sallama da lemon kwalba, Darakta ya yi jawabi a kan haƙuri. Rajista ashirin da tara suka tafi hedikwata a cikin kwali, kowace da jan hatimi a shafin farko. Radar na can tana juyi da lissafin gudajin Gwaggo a cikinta, har daga wasu tashoshin ake zuwa ganin yadda ta ƙware a ruwan tsauni. Mijinta, da ya ji yadda aka ƙare, bai ce na gaya miki ba. Ya yi kwana biyu ba ya cin abincin kirki.

Injiniya bai daina zuwa gaishe ta ba. Yakan zo ƙarshen mako da ledar lemu, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa ruwa, su yi hirar gwiwa da ta hanya. Ba ta taɓa korarsa ba, amma kullum in ya tashi tafiya sai ta tambaye shi, wa aka gyara? Sai ya yi ƙasa da kai ya sa takalmi. Aka yi haka kusan shekara. Wata rana ya sa takalmi ɗaya, ya tsaya, idonsa ya kawo ruwa.

"Rada aka gyara, Gwaggo. Ke ba ki taɓa kuskure ba."

 Daga ita sai shi a tsakar gidan, ko mijinta ma ba ya nan.

"Ni ai na sani, ɗana," ta ce. "Ba ni nake buƙatar ji ba."